Babi na Shida: Mutanen Kwali a Kan Titi

Ranar 1 ga Agusta, 2000, 'yan sandan birnin Filadelfiya a Amurka suka kewaye wani tsohon sito a yammacin garin. A makon ne jam'iyyar Republican take babban taronta a birnin, inda za ta tsayar da gwamnan jihar Texas, George W. Bush, takarar shugaban ƙasa. Hukuma ta ce ta sami labari ana tara kayan tayar da hargitsi a cikin siton. Da aka buɗe ƙofa aka kama mutum fiye da 70. Abin da ya cika ɗakin kuwa kwali ne da gora da tsummoki da gwangwanayen fenti, sai manyan mutum-mutumai da aka daɗe ana haɗawa domin zanga-zangar wannan rana. A cikinsu akwai ƙwarangwal na kwali sama da ɗari, kowanne a madadin mutum guda da aka zartar wa hukuncin kisa a Texas zamanin gwamnatin Bush. Ko ɗaya bai taka titi ba. An loda su a motocin shara aka murƙushe. Daga baya ta bayyana cewa wasu da suka yi kwanaki suna taya aikin da sunan kafintoci, 'yan sandan jiha ne cikin farin kaya. Tuhumar da aka yi wa mutanen siton kuma ta watse a kotu.

Zanga-zangar ba ta fasa ba, amma ta fita tsirara. Wanda ya kunna talabijin a daren nan ya ga matasa sun tare hanya, ya ga 'yan sanda suna jan su, bai ga dalilin fitowarsu ba, domin dalilin yana cikin motar shara. Masu shirya gangamin sun daɗe suna kukan cewa an ƙwace musu baki, sannan aka juyo ana zargin su da rashin abin faɗa. Ina ganin suna da gaskiya. Kuma tun da har hukuma ta ga ya dace ta tura jami'anta su yi kwanaki suna yankan kwali don su san abin da ake ƙullawa, ya kamata mu ma mu tsaya mu san inda wannan sana'a ta samo asali da abin da ke cikinta.

Fita da manyan siffofi a kan titi tsohon abu ne. Garuruwan Sifaniya da Beljiyam da arewacin Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zagayawa da su a ranakun bukukuwa. Amma mayar da su makamin masu neman sauyi a wannan zamani, yawancin masu yi suna danganta shi ne ga mutum ɗaya, Peter Schumann.

An haifi Schumann a 1934 a yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yau kuma yake cikin Folan. Yana ɗan shekara goma yaƙin duniya na biyu ya kore su daga gida, iyalin suka yi gudun hijira zuwa arewacin Jamus. A can suka rayu da kala: bayan manoma sun gama girbi sai su bi gonaki suna tsintar hatsin da ya zube, a niƙa, mahaifiyarsa ta gasa burodi. Hatsin ɗan'uwan alkama ne mai jure sanyi, burodinsa baƙi-baƙi ne, mai tauri, mai ɗan tsami, irin wanda sai an tauna da gaske. Wannan burodi ya bi shi har tsufa. Ya koyi sassaƙa da rawa a Jamus, ya auri Elka Scott, Ba'amurkiya da aka haifa a Magnitogorsk ta Tarayyar Sobiyat inda mahaifinta ya je aikin masana'antar ƙarfe, suka ƙaura Amurka a 1961. A 1963 ya kama hayar wani bene a titin Delancey, cikin unguwar talakawa da baƙin haure a New York, ya kafa ƙungiyar da ya kira Bread and Puppet, wato Burodi da 'Yar Tsana.

Sunan ba ado ba ne. Duk wanda ya zo kallo ana ba shi yankin burodin da Schumann ya gasa da hannunsa, kyauta, daga baya aka ƙara da man tafarnuwa da ake shafawa a kai. Ra'ayinsa shi ne wasan kwaikwayo buƙata ce ta yau da kullum kamar abinci, bai kamata ya zama abin alfarmar masu kuɗin tikiti ba. Mutanen da suka ci abu ɗaya tare kuma ba sa kallon juna a matsayin baƙi kamar yadda suka shigo. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ba a daina rabon burodin nan ba.

Wasanninsu na farko a kan damuwar unguwar suke: tsadar haya, ɓerayen da ke cizon yara a gidajen da masu su suka ƙi gyarawa, da cin zalin 'yan sanda. Sukan yi aiki da yaran unguwa a lokacin hutu, su gina siffofi tare, su fita da su. Sai yaƙin Biyetnam ya tsananta, ƙungiyar ta shiga jerin gwanon masu adawa da shi. Waɗanda suka ga wannan fita sun daɗe suna ba da labarinta. Ana cikin dubban mutane masu ihu da ɗaga alluna, sai ga wani ayari ya taho shiru. Mata ne sanye da fuskokin takarda farare irin na matan ƙauyen Biyetnam, suna tafiya a hankali. A samansu wasu masu fuskar ƙoƙon kai suna riƙe da jirgin yaƙi mai bakin kifin shak a kan sanduna. Jirgin ya sauko, matan su zube ƙasa, a buga ganga, su tashi, a ci gaba, a sake a mararraba ta gaba. Akwai kuma wani ƙaton mai tumbi da sigari a hannu da suke kira Uncle Fatso, wanda ke wakiltar masu cin ribar yaƙi. Ba jawabi, ba bayani. Ɗan kallo da ke bakin hanya, ko da yana goyon bayan yaƙin, ya riga ya ga abin da bom yake yi wa mace kafin ya sami damar yin gardama.

A 1965 mutum uku a Amurka suka cinna wa kansu wuta don nuna ƙin yaƙin: Alice Herz, tsohuwa mai shekara 82, a Detroit, Norman Morrison a gaban ma'aikatar tsaro ta Pentagon, da Roger LaPorte a gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Schumann ya shirya wasa mai suna Fire ya sadaukar gare su. Wasan yana bin kwanakin mako a wani ƙauyen Biyetnam, kusan babu magana a cikinsa, kuma mai kallo ba ya iya rarrabe wane ne mutum mai rai a bayan fuska, wane ne siffa kawai, sai wani ya motsa. A ƙarshe wata mace cikin farin tufafi tana yago jan tef tana manna wa jikinta, sannu-sannu, har ja ya rufe fari. Wannan ne wutar. Da aka kai wasan bikin wasannin kwaikwayo na birnin Nancy a Faransa a 1968, sunan ƙungiyar ya bazu a Turai.

Yadda ake yin waɗannan siffofi shi ne zuciyar al'amarin, don haka bari mu dakata a kansa. Ana fara gina fuskar da yumɓu, kwance a ƙasa, wata takan kai girman ƙofar ɗaki. Sai a rufe yumɓun da leda ko a shafe shi da mai, a yayyaga takarda mai kauri, a tsoma a cikin kokon sitaci ko na fulawa, a manna hawa-hawa. Idan ta bushe a ɓamɓare ta, ta fito da siffar fuskar, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Yumɓun kuma ba a yar da shi. Ko dai a sake manna wata takardar a kai a sami fuska ta biyu da ta goma iri ɗaya, ko a jiƙa shi a gina wata. Shi ya sa a wasannin Schumann ake yawan ganin taron mutane masu fuska guda: mata masu wanki, masu kwasar shara, manyan ma'aikata masu farar fuska da baƙar kwat. Hannuwa ma haka ake yin su. Jiki kuwa tsofaffin zannuwan gado ne da aka ɗinke aka rina. Ƙashin bayan siffar sanda ce ko gora. Duk abin da aka lissafa ɗin nan ana samunsa a juji ko a bayan kanti.

Sai ɗauka. Siffa mai tsawon mita huɗu ko biyar tana buƙatar aƙalla mutum uku: ɗaya yana riƙe da sandar kai, ya kafa gindinta a ɗamarar da ke ƙugunsa, biyu suna riƙe da sandunan hannuwa. Manya-manyan sukan ci mutum goma, wasu ashirin, har da masu jan igiya ta gefe saboda iska, domin iska ce babbar abokiyar gabar wannan aiki, zanen jikin yana kama ta ya nemi kifar da kowa. Na tsakiya yana cikin zane, da ƙyar yake ganin gabansa, sai ya dogara da na waje su gaya masa inda rami yake da inda wayar lantarki ta sauko. Idan mai hannun dama ya yi sauri, siffar ta karkace. Idan ana so ta sunkuya ta rungumi yaro a bakin hanya, dole mutum uku ko biyar su yi niyya ɗaya a lokaci ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa shiga cikin masu ɗaga jinka zuwa kan ɗaki ya san cewa a 'yan mintocin nan babu babba babu yaro, kowa yana sauraron numfashin na kusa da shi.

A nan nake ganin siyasar abin take, fiye da saƙon da aka rubuta a ƙyalle. Taron jawabi yana raba mutane biyu, mai magana da masu tafi. Ginin siffa kuwa yana neman hannu da yawa na tsawon makonni, kuma yawancin aikin ba ya buƙatar gwaninta. Tsohuwa za ta iya ɗinki, yaro zai iya manna takarda, baƙon da bai iya harshen gari ba zai iya riƙe sanda. Mai jin kunyar tsayawa gaban jama'a yana samun mafaka a bayan fuskar takarda, ya yi abin da ba zai taɓa yi da fuskarsa ba. Ba a san tauraro a wannan wasa ba, tun da ba a ganin fuskar kowa. Mutanen da suka zauna suna yayyaga takarda tare suna hira, suna sanin sunan juna da damuwar juna, kuma wannan sanayya ba ta ƙarewa ranar da aka gama jerin gwano.

Ga mai kallo kuma, siffar tana da wasu halaye da allon rubutu ba shi da su. Ana hango ta daga nesa, sama da kawunan jama'a da motoci. Ba ta iya gudu, don haka ayarin da ke tare da ita dole ya tafi a natse, kuma da wuya a kalli taron da ke rakiyar wata ƙatuwar tsohuwa ta takarda a ce masu tarzoma ne. Fuskarta ba ta canzawa. Ɗan sunkuyar da kai kaɗan sai ta zama mai baƙin ciki, ɗagawa kaɗan sai ta zama mai roƙo, sauran kuma zuciyar mai kallo ce take cikawa. Mai ɗaukar hoton jarida ba ya iya wuce ta.

A 1970 Schumann da iyalinsa suka bar New York suka koma jihar Vermont, da farko a kwalejin Goddard, sannan a 1974 suka zauna a wata gona a Glover, ƙauyen da mutanensa ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, kusa da iyakar Kanada. Tsohon ɗakin shanun gonar ya zama gidan ajiye siffofin, an cika shi tun daga ƙasa har rufi, shiga kyauta ne. Ba a sa musu magani ko gilashi don su daɗe. Schumann ya yarda takarda ta tsufa ta lalace kamar kowane abu. A gonar akwai wani tsohon ramin da aka haƙi tsakuwa, ciyawa ta rufe shi, ya zama filin kallo mai gangare. A nan suka riƙa yin babban bikinsu na shekara-shekara a lokacin zafi, mai suna Our Domestic Resurrection Circus. Da rana gajerun wasannin barkwanci ne a kan abin da ya faru a siyasar shekarar, da badujala, da Schumann kansa yana rawa a kan dogayen sandunan da ya ɗaura a ƙafa. Da yamma sai babban wasa ya mamaye fili da tudu, ɗaruruwan 'yan sa-kai cikin fararen kaya, a ƙarshe a cinna wa wata ƙatuwar siffar zalunci wuta. Abin da aka yi makonni ana ginawa ya ƙone cikin mintoci, ba wanda ya yi baƙin ciki, domin an gina shi ne don haka.

Daga wannan gona suka riƙa fita duniya. Ranar 12 ga Yuni, 1982, lokacin da jama'ar da aka ƙiyasta sun kusa miliyan ɗaya suka taru a New York don neman a kawar da makaman nukiliya, ƙungiyar ta fito da ɗaruruwan 'yan sa-kai a ayari mai kashi uku: duniya, ƙarshen duniya, da yaƙi da ƙarshen duniya. A shekarun nan kuma suka gina ƙatuwar siffar Oscar Romero, babban limamin Katolika na El Salvador da aka harbe a 1980 yana tsakiyar ibada saboda ya tsaya wa talakawa, suka kai wasansa har Nikaragua. A 1984 suka buga wata 'yar takardar shela da ke kare araha a aikin fasaha, suna sayar da zane-zanensu a kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya.

Dole a faɗi abin da wannan aiki bai yi ba. Bai tsayar da yaƙin Biyetnam ba, yaƙin ya ci gaba har 1975, ya ci rayukan miliyoyin mutane. Makaman nukiliya suna nan. Wanda ya auna mutum-mutumin kwali da ma'aunin dokar da aka soke ko gwamnatin da ta faɗi zai ce aikin banza ne. Akwai kuma wani abin da masu yabon ƙungiyar ba su cika ambata ba: duk da hannuwan da ke cikin aikin, ido ɗaya ne yake yanke hukunci. Schumann ne mai gina fuskoki, shi ne mai cewa a yi ko a bari, kuma waɗanda suka ba ƙungiyar ƙuruciyarsu ba su tara abin duniya ba. Duk da haka, daga cikin waɗanda suka je Glover koyon aiki ne aka sami da yawa daga masu kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a wasu garuruwa da ƙasashe. Amfanin gonar a cikin mutanen da ta horar yake.

Abin da ya faru a 1998 ya nuna mini cewa Schumann ya san inda darajar aikinsa take. Bikin shekara-shekara ya yi suna har jama'a suka riƙa haura dubu talatin a ƙauyen mutum dubu. Da yawa ba wasan ya kawo su ba, sun zo ne shaye-shaye da raye-raye a filayen kwana da ke kewaye da gonar, waɗanda ba ƙungiyar ke kula da su ba. A watan Agustan shekarar aka yi faɗa a ɗaya daga cikin filayen, mutum ya mutu. Schumann ya sanar cewa an gama, ba za a sake babban bikin ba. Wani da ya sami taro irin wannan da sai ya kafa shinge, ya sa tikiti, ya ɗauki masu gadi. Shi kuwa ya rushe abin da ya fi jawo masa suna, ya koma ƙananan wasanni a ƙarshen mako duk tsawon lokacin zafi, inda mai gasa burodi zai iya ganin fuskar wanda yake miƙa wa. Na daɗe ina girmama wannan shawara.

Shekara guda bayan haka irin da aka shuka ya fito a wani wuri. Ranar 30 ga Nuwamba, 1999, dubun-dubatar mutane suka tare titunan birnin Seattle na Amurka har aka soke bikin buɗe taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Hotunan da suka zaga duniya a ranar cike suke da manyan siffofi da matasa irin su David Solnit da abokan aikinsa suka shirya, da ɗaruruwan mutane sanye da ƙoƙon kunkurun teku na kwali, saboda wani hukuncin ƙungiyar da ya raunana dokar Amurka mai kare kunkuru daga komar masu kamun jatan lande. Batu ne mai sarƙaƙiya wanda bayaninsa zai ci shafuka, amma kunkuru yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da direban babbar mota ɗan ƙungiyar ƙwadago ya isar da shi a hoto guda. Wata takwas bayan wannan ne aka fasa siton Filadelfiya. Hukuma ta riga ta koyi darasin Seattle.

A 'yan shekarun nan siffar da ta fi kowace suna ita ce Amal, yarinya 'yar gudun hijirar Siriya mai shekara tara, tsawonta mita uku da rabi. Kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu, wanda Adrian Kohler da Basil Jones suka kafa a 1981, shi ya ƙera ta da sanda mai lanƙwasa da wasu kayan zamani marasa nauyi. Mutum ɗaya yana cikin ƙirjinta a kan dogayen sanduna, yana sarrafa idanunta da bakinta da zare, biyu suna riƙe da hannuwa. A watan Yulin 2021 ta tashi daga Gaziantep a Turkiyya, kusa da iyakar Siriya, ƙarƙashin jagorancin Amir Nizar Zuabi, Bafalasɗine mai shirya wasan kwaikwayo, ta bi hanyar kilomita 8,000 ta Girka da Italiya da Faransa da Suwizalan da Jamus da Beljiyam, ta isa Manchester a Ingila a watan Nuwamba. Fafaroma Francis ya kama hannunta a Batikan. A Girka kuwa majalisar wani gari ta hana ta zuwa wurin ibadar Meteora saboda Musulma ce, a Larissa kuma wasu suka jefe ta da duwatsu. Wannan jifa ya tona abin da rahotanni da yawa ba su iya tonawa ba: mutanen da za su jefi yarinyar sanda da zane, me suke yi wa ta jini da tsoka idan ba kyamara?

Ina ƙaunar Amal, amma ina da damuwa a kanta. Tafiyarta ta ci kuɗi masu yawa, da ƙwararru da masu ɗaukar nauyi da izinin hukumomi. Jama'ar garuruwan da ta ratsa sun tarbe ta da kiɗa da wasanni, sai dai ba su suka gina ta ba, kuma idan ta wuce ta wuce. Akwai magajin gari da zai yi murmushi a hoto da ita da safe, alhali dokokin da ke hana yaran gaske tsallaka iyaka suna nan yadda suke. Da alama masu shirin sun ji wannan suka, domin aikinsu na 2025, The Herds, ya bi wata hanya dabam. Garken namun daji ne na kwali da katako, girmansu daidai da na masu rai, suna gudun sauyin yanayi daga Kinshasa zuwa arewacin Norwe, tafiyar kilomita 20,000. Sun ratsa Legas da Dakar da Marrakesh, kuma a garuruwan da suka sauka an horar da 'yan gari su ne suke sarrafa dabbobin. Wannan ya fi kusa da abin da ya ba sana'ar ƙarfi tun farko.

Inda aka gwada wannan ƙarfi sosai shi ne birnin Minneapolis na Amurka. A can wata ƙungiya mai suna In the Heart of the Beast, wadda aka kafa a 1973, ta fara jerin gwanon farkon watan Mayu a 1975, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar yaƙin Biyetnam. Sandy Spieler ta jagoranci shirin shekaru da dama. Tsarinsu a wancan lokacin ya fi na Glover buɗewa: tun cikin hunturu ake kiran taron unguwa, kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a wannan shekara, daga nan a fitar da jigon biki. A watan Afrilu a buɗe ɗakin aiki ga duk mai so, iyaye da yara su zo su gina abin da za su ɗauka. Ranar biki ayarin ya bi titin Bloomington zuwa dandalin Powderhorn, a tuƙo siffar rana a kwale-kwale ta tsallaka tafki, a ɗaga wata doguwar siffa da suke kira bishiyar rayuwa. Taron yakan kai dubu hamsin.

Nauyin ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya. A 2019 ta sanar cewa kuɗi sun gaza, kuma wannan ne biki na ƙarshe da za ta shirya ita kaɗai. Ta kuma amsa kukan da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna yi, cewa unguwar tasu ce amma ragamar bikin ba ta hannunsu. Sai annobar korona ta rufe tituna. A watan Mayun 2020 aka kashe George Floyd, wani baƙar fata, a hannun 'yan sanda a mararrabar da ba ta da nisa da dandalin, unguwar ta shiga watanni na zanga-zanga da gobara da makoki. A 2023 ƙungiyar ta sauke bikin daga wuyanta gaba ɗaya, ta ce ta bar wa jama'a.

Bikin bai mutu ba. Mutanen da suka koyi dama koko da ɗaure gora a ɗakin aikin nan tun suna yara, yanzu iyaye ne, wasu kakanni. Suka koma garejin gidajensu da bayan gida da ɗakunan taron unguwa suna gini, makwabta suka raba aikin tsare hanya da kwashe shara da tara kuɗin abin da ba makawa sai an saya, suka fito titin Bloomington a ranar Lahadin farko ta watan Mayu kamar yadda aka saba. Waɗanda suka san bikin a da suna cewa bai kai na baya tsari ba, jigonsa ba ɗaya ba ne, wani ayarin yana maganar Gaza, wani yana maganar haya, wani kiɗa kawai ya kawo shi. Sun kuma riƙa muhawara a tsakaninsu a kan wa zai riƙe kuɗi, wa zai yi magana da hukumar birni, da ko ya kamata a sake kafa wata ƙungiya ko a bar shi a hannun unguwa.